Hancin Baba Modi

Jabbi ya dawo daga Ikko da murhu a kwali,
baƙi, mai ƙafa huɗu da wutsiyar lantarki.
Mu uku muka sauke shi a ƙofar gidanmu na Mabera.
Ba ya cin itace, in ji shi, ba ya cin gawayi,
abincinsa garin katako ne da aka dunƙula
ƙanana-ƙanana kamar kashin awaki.
Kajin Hajo ne suka fara ɗanɗanawa,
zakaran ya tofar, ya dube mu da ido ɗaya.

Naman kuwa na Kara ne, cinyar bijimi.
Ni na yanka shi fala-fala, kaurin tafin hannu,
na kwana da shi cikin citta da masoro,
kimba, gishiri, da ɗan man ƙuli.
Jabbi ya danna, lamba ta fito ja.
"Awa huɗu," ya ce, "kada wanda ya buɗe.
Shi ke auna zafinsa da kansa."

Baba Modi na kan tabarma a gindin darbejiya.
Shekara arba'in yana banda a bakin kasuwa
kafin hakiya ta rufe masa ido biyu.
Bai ce uffan ba, hanci kawai ya ɗaga
kamar mai jiyo kiran salla daga wata unguwa.
Can ya ce, "Wanga hayaƙi ban san iccenai ba.
Ba kirya ta ba, ba marke na ba.
Icce na wanda ya mance da daji."

Ana saura kaɗan la'asar aka ɗauke wuta.
Jan idon murhu ya lumshe.
Janareto ba mai, gidan mai da layi har titi.
Jabbi na zagaya ƙarfen, yana shafa shi
kamar mai lallashin jakin da ya ƙi tafiya,
nama a ciki bai nuna ba, bai kuma zama ɗanye ba.

"Ku ɗauko min rabin gangata bayan ɗaki."
Muka ɗauko ta da tsatsarta da gidan zanzaro.
Ya sa aka tono garwashi daga murhun tuwo,
aka ɗora guntun kirya, aka yayyafa masa ruwa.
"Ba harshen wuta nama ka so ba," ya ce,
"numfashinta shi ka so."
Ya miƙa hannu saman waya yana ƙirga a zuci,
ya janye a bakwai. "Ku jera."

Daga nan ba agogo.
Kitse ya ɗiga, ya ji ƙararsa, ya ce a matsar.
Hayaƙi ya sake ƙamshi, ya ce a juya.
Ya danna tsoka da babban yatsa,
yatsan nan da wuta ta share wa zane tun ba a haife ni ba,
ya ce wannan ta yi, waccan tana da sauran magana.
Ni da na girma a kan kuɗin bandar nan
ban taɓa tambayarsa me yake ƙirgawa ba.

Mun yanka bayan magariba, da albasa da yaji.
Gefensa ja-ja, cikinsa na tsatso da romo.
Sai ga wuta ta dawo,
murhun Jabbi ya farka yana kuka shi kaɗai,
yana hura hayaƙi a kan wayar da ba kome.

Baba ya daɗe yana tauna da haƙoransa shida.
"Hayaƙi biyu na ciki," ya ce, "baƙo da ɗan gida.
Ba su yi faɗa ba."
Ya roƙi Jabbi ƙwayoyin nan cikin tafi,
ya shinshina, ya zuba a aljihun taguwa.

Da asuba na same shi zaune yana murza ɗaya,
yana son ya gano sunan bishiyar.